Baƙin Dutsen Kolwezi

A Lubumbashi, babban birni a kudancin Kwango, akwai wani baƙin tsauni da hannun mutum ya tara. Daga unguwanni da yawa na birnin ana hango shi, da dogon bututun hayaƙi tsaye a gefensa. Safiyar farko da muka fita na ɗauka tsauni ne irin na ko'ina, sai malamin da ke jagorantarmu ya ce a'a, kashin maƙera ne. Tun 1911 kamfanin Turawan Beljiyam, Union Minière, ya fara narka tagulla a garin, kuma shekara da shekaru abin da ya rage bayan an tsame tagullar nan ake kawowa a jibge. Abin da aka zubar jiya a matsayin shara, yau ana ɗibarsa ana sake narkawa, domin akwai kobal a cikinsa, ƙarfen da ake yin batirin waya da shi, akwai kuma wasu ƙarafa irin su tutiya da jamaniyam. Na daɗe tsaye ina kallonsa, sanyin watan Yuli yana ratsa rigata.

Shekara 9 na yi ina gyaran waya kafin in koma makaranta in karanci ilimin duwatsu. Wayoyin da na ɓalle bayansu ba su ƙirguwa. Na san warin dalma idan ta narke, na san yadda batir ke kumbura har ya ɗaga sikirin, na san 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke jere a jikin fanel waɗanda sai da madubi ake ganinsu sosai. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa tambayar kaina daga ina suka fito ba. A kwali suke zuwa, a kwali nake karɓa. Shi ya sa da na sami damar bin wata tawagar ɗalibai zuwa yankin tagulla na kudancin Kwango, ban tsaya shawara ba. Mu 14 ne, ga direba, ga malamin, ɗan ƙasar ne, ya yi aiki a mahaƙun yankin kafin ya koma koyarwa.

Daga Lubumbashi zuwa Kolwezi kimanin kilomita 300 ne, hanyar ta miƙa arewa maso yamma. Manyan motoci ne ke cinye wa matafiyi lokaci a kanta. Masu tafiya irin tamu suna ɗauke da farar wuta da man dizal da injuna. Masu dawowa kuwa faranten tagulla ne a bayansu, ko manyan buhunan garin kobal an lulluɓe da tamfol. Dama da hagu daji ne na matsakaitan itatuwa, da suri manya-manya, wasu sun fi ɗaki tsawo har bishiyoyi sun tsiro a kansu. A Likasi muka tsaya shan mai. Malam ya nuna yamma da hannu, ya ce can kaɗan Shinkolobwe take, ramin da aka haƙo yawancin yuraniyam ɗin da Amurka ta haɗa bam ɗin Hiroshima da shi a 1945. Turawan Beljiyam sun toshe bakin ramin da kankare a 1960. Motar ta yi tsit har muka bar garin.

Gaba da Likasi ne na fara lura da tuddai masu sanƙo. Daji ya rufe ko'ina, amma sai ka ga tudu guda tsirara, ciyawa kawai a kansa, itatuwa sun yi masa zobe daga nesa kamar an ja musu layi. Malam ya ce ƙasar wurin ta cika da tagulla da kobal har ta zama guba ga saiwar itace, 'yan tsirrai ƙalilan ne suka saba da ita, ciki har da wani ɗan fure da ake kira furen tagulla. Mutanen yankin sun san ma'anar sanƙon nan ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka ƙasar. Suna haƙo koren dutse su narka shi da gawayi, su zuba a yashi ya fito da siffar giciye, kuma da waɗannan giciyen ake ciniki har nesa. Lokacin da masanin duwatsu ɗan Beljiyam, Jules Cornet, ya zagaya yankin a 1892, tsoffin ramukansu ya bi.

Kusa da Fungurume muka sauka, inda aka yanke gefen wani tudu. Nan ne tafiyar ta biya ni. Duwatsun falle-falle suke kamar shafukan littafi, sai dai maimakon su kwanta, a tsaye suke, wasu ma sun lanƙwashe. Malam ya ciro gudumarsa ya ce kowa ya matso, ya fara karanta mana su daga falle na farko.

Kimanin shekara miliyan 880 da suka wuce ƙasa ta fara tsagewa a nan, ta yi wani kwari mai faɗin gaske. Koguna suka yi ta zuba jan yashi da tsakuwa a cikinsa. Daga baya teku ta shigo, marar zurfi, rana ta ƙafar da ita ta bar gishiri, ta sake cikowa, ta sake ƙafewa. A zamanin babu kifi a ruwa, babu itace ko ciyawa a tudu. Abin da ke raye ƙananan halittu ne da ke shimfiɗe a ƙasan ruwa kamar gansakuka. Ya nuna mana sawunsu a jikin dutsen, zobe cikin zobe kamar na kututturen da aka sare. Na sa yatsa na shafa. Gawarwakin halittun nan ne suka gauraya da laka suka zama wani falle mai duhu a tsakiyar jerin.

Da sabon yashi da laka suka binne duk wannan a can ƙasa, ruwan da ya maƙale a tsakani ya yi zafi, ya sha gishiri ya ƙoshi. Ruwan gishiri mai zafi kuwa ɓarawon ƙarfe ne. Duk inda ya ratsa sai ya lashe ɗan abin da ke warwatse na tagulla da kobal ya tafi da shi. Haka ya yi ta yawo, shekaru miliyoyi, har ya ci karo da baƙin fallen nan mai gawarwaki da farar wuta, a nan ya sauke kayansa. Ƙarfen ya kama farar wuta ya daskare, ya zama ƙwayoyi masu ƙyalli. Wanda ya haɗa tagulla da kobal a jiki guda sunansa karolayit. Sannan, kimanin shekara miliyan 550 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa biyu, na Kwango daga arewa da na Kalahari daga kudu, suka matso juna suka matse kwarin. Gishirin ya zama santsi, fallayen suka zame a kansa, suka kakkarye gunduwa-gunduwa suka miƙe tsaye. Shi ya sa arzikin bai shimfiɗu wuri guda ba, tudu nan tudu can ne, a layi mai lanƙwasa kamar baka, daga Zambiya ya shigo Kwango ya zarce har Kolwezi.

Aikin ƙarshe na ruwan sama da iska ne. Sun yi ta cin saman tuddan har ƙwayoyin nan masu ƙyalli suka ruɓe suka sake kama. Tagulla ta koma koren dutse shar, malakayit. Kobal ya koma wani baƙin abu mai laushi, heterojenayit. Malam ya fasa ɗan guntu ya ɗora mini a tafin hannu. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, kamar busasshen gawayi, yana barin baƙi a fata. Ya ce in riƙe wannan a zuciya: a yawancin ƙasashen da ke da kobal, sai an narka dutse mai tauri da manyan injuna ake samun ɗan kaɗan, a nan kuwa ruwan sama ya riga ya tace shi ya ajiye kusa da sama, inda mutum ɗaya da guduma da ƙarfe mai tsini zai iya kai masa. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin da duniya ke haƙowa daga ƙasar nan yake fita, mafi yawansa daga wannan ɗan layin da muke bi.

Da almuru muka shiga Kolwezi, bayan mun haye kogin Lualaba. Da dare ɗaliban suka san tsohuwar sana'ata, sai wata daga cikinsu ta kawo matacciyar wayarta ta ce, "Yaya, buɗe mana ita mu gani." Ban taɓa rabuwa da 'yan ƙananan sukudirebobina ba. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur na ɓalle ta, Malam ya jawo kujera. Ni ina faɗin sunan abu da aikinsa, shi yana faɗin dutsen da ya haife shi.

Batir muka fara ɗagawa. A cikinsa kobal da iskar oksijin sun jeru hawa-hawa kamar kanta, litiyam na zaune a tsakanin hawan. Idan ka sa caji, litiyam ya fice ya koma ɗaya ɓangaren batirin, na girafayit, baƙin abin nan da ke cikin fensir. Idan kana amfani da wayar, ya dawo mazauninsa, kuma wannan kai-komon ne wutar da ke haska sikirin. Kobal ne ke riƙe kantar kada ta rushe. John Goodenough da abokan aikinsa suka gano haka a Oxford a 1980, kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa a 1991. 'Yan giram ne kawai na kobal a waya ɗaya, amma har yau masu ƙera waya suna riƙe da shi, saboda yana tara wuta mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Shi litiyam ɗin, ko dai daga ruwan gishirin da ke ƙarƙashin hamadar Atacama a Chile, wanda ake zuƙowa a shanya a manyan tafkuna sama da shekara, ko daga dutsen Greenbushes a yammacin Ostireliya.

Da na nuna musu dalmar da ke riƙe da komai a fanel, Malam ya ce yanzu kusan duk kuza ce, kuma mai yiwuwa daga tsibiran Bangka da Belitung na Indunisiya ta fito, inda har daga ƙasan teku ake yaso ta. 'Yan ƙananan ma'ajiyar wuta kuwa, waɗanda na sha cirewa da hantsaki, wasunsu da tantalam ake yi, daga dutsen koltan. A nan ya ɗan dakata. Ya ce kuza da koltan da dutsen litiyam 'yan ɗaki ɗaya ne. Idan narkakken dutse yana hucewa a cikin ƙasa, akwai ƙarafan da ba sa samun gurbi a duwatsun da ke fara daskarewa, sai su yi ta taruwa a ruwan ƙarshe, shi kuma ya kutsa cikin tsagogi ya daskare da manyan ƙwayoyi. Irin waɗannan jijiyoyin ne ke ƙarƙashin tuddan Kivu da ke gabashin Kwango, fiye da kilomita 1,000 arewa da inda muke zaune, kuma a can koltan ya daɗe yana ciyar da yaƙi. Garin Rubaya, inda ake haƙo koltan a Kivu, ya faɗa hannun 'yan tawayen M23 a 2024. Bai ƙara komai a kai ba.

Sauran muka bi da sauri. Fatar da ke sa sikirin jin taɓawar yatsa ta indiyam ce da kuza, kuma indiyam ba shi da rami nasa na kansa, a wurin tace tutiya ake tsinto shi. Maganaɗisun sifika na da niyodimiyam, wanda babbar mahaƙarsa ke Bayan Obo a arewacin Sin. Ɗan nauyin da ke sa waya rawa idan an kira, tangistan ne. Zinariyar da ke bakin mahaɗai ba ta wuce miligiram 30 da 'yan kai ba. Ƙwaƙwalwar wayar kanta silikon ce, asalinta farin dutsen ƙanƙara. Na dubi ƙyallen nan, ga nahiyoyi a baje a kansa, duk abin bai cika tafin hannu ba. Daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Washegari muka zaga garin. Kolwezi ba a gefen mahaƙa take ba, a kanta take zaune. Ka bi titi tsakanin gidaje, sai kawai ka ga ƙasa ta ƙare, rami ya buɗe baki hawa-hawa, motocin da tayarsu ta fi mutum tsawo sun koma kamar tururuwa a ƙasansa. Daga irin waɗannan ramuka na manyan kamfanoni, su Kamoto da Mutanda da Tenke Fungurume, mafi yawan kobal ke fitowa, a matsayin abokin tafiyar tagulla. Ana jiƙa dutsen da ruwan asid, abin da ya sa ake ta shigo da farar wuta, a ware tagulla, a mayar da kobal gari. Garin nan zai bi mota ta iyakar Kasumbalesa ya ratsa Zambiya zuwa tashar Durban ko Dar es Salaam, yawancinsa kuma Sin zai nufa, can ake tace shi ya zama kayan batir.

Amma inda zuciyata ta tsaya Kasulo ce. Unguwa ce kamar kowace, har 2014 da wani mazauninta yana haƙa a gidansa ya ci karo da baƙin dutsen. Kafin a ankara tsakar gidaje da ɗakunan kwana sun zama bakin rami, ƙarƙashin unguwar ya koma kamar gidan gara. A 2017 hukumomi suka tashi wani sashe suka kewaye shi da katanga. Mahaƙan hannu, waɗanda ake kira creuseurs da Faransanci, suna sauka ta rami mai faɗin kafaɗa, suna taka 'yan ƙofofin da suka sassaƙa a bango, tocila ɗaure a goshi. Doka ta ce kada ramin hannu ya wuce mita 30, amma jijiyar dutse ba ta san doka ba, mai iyali kuma jijiyar yake bi. A watan Yunin 2019 gefen wani babban rami ya rufta a nan Kolwezi, mahaƙan hannu fiye da 40 suka rasu a rana ɗaya. A bakin wani rafi na ga mata tsaye cikin jan ruwa har gwiwa suna wanke dutse a buhu, yara suna tsince koren daga baƙin. Tun 2016 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan aikin yara a ramukan nan, duniya ta yi ta magana. Ni dai ga abin da idona ya gani.

Ba na goyon bayan masu cewa a daina sayen kobal ɗin mahaƙan hannu kwata-kwata. Wanda ya faɗi haka bai tsaya a bakin rafin nan ba. Dubban gidaje da dutsen suke ci, da shi suke biyan kuɗin makaranta. Abin da suke nema a bayyane yake: wurin haƙa na halal, katakon tokare rami, iska a ƙasa, da awo na gaskiya.

Maganar awo ce ta kai mu Musompo, kasuwar dutse da ke wajen gari. Rumfuna ne a jere, kowace da sikeli da allon farashi. Ana kawo buhuna a kan kekuna da babura, an ɗaure har ba a ganin mai tuƙi. Mai saye zai ɗebi kaɗan a daka, ya ɗora wa wata na'ura mai kama da bindigar hannu, wadda kowa a wurin ke kira Metorex. Ita ke faɗin kashi nawa cikin ɗari na kobal ke cikin buhun, kuma a kan lambar da ta nuna ake biya. Na'urar ta mai saye ce, sikelin nasa ne. A wata rumfa na tsaya kusa da wani mahaƙi, ba zai wuce shekara 30 ba, ƙasa ta rine shi har gashin ido. Na'ura ta nuna lambarta, ya girgiza kai ya ɗaga guntun dutsen sama yana magana da Swahili da ƙarfi. Direbanmu ya fassara mini: yana cewa shekara 11 yana haƙa, ya san dutsen da ya fi wannan lamba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya karɓi kuɗin duk da haka, domin buhun ba zai koma rami ba.

Da ya fito muka gaisa. Na zaci zan ba shi labarin inda dutsensa ke zuwa, ashe ya fi ni sani. Ya san batir, ya san Sin, ya san farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya saboda manyan kamfanoni sun cika ta da kaya. (Faɗuwar nan ce ta sa gwamnatin Kwango ta dakatar da fitar da kobal a Fabrairun 2025.) A waya yake bin farashin, ya ce, idan ta yarda ta kama caji. Ya ciro ta daga cikin leda. Sikirin ya tsage ta kusurwa, kuma sai ya karkata igiyar caja ya danne da dutse kafin wuta ta shiga.

Na ce ya ba ni. Muka zauna a kan wani buhu a inuwar rumfar, na ciro allura da ɗan buroshi. Bakin cajin ne ya toshe, ba wani abu ba. Na yi ta sakato ƙurar a hankali, tana zubowa a kan gwiwata, ja da baƙi-baƙi, ta dunƙule kamar an daka ta. Malam ya sunkuyo ya lakata da yatsa ya murza, ya dube ni. Direba ya kawo caja daga mota muka gwada, igiyar ta shige har ƙarshe, alamar batir ta fito. Mahaƙin ya riƙe hannuna da hannu biyu, tafinsa kamar bayan itace, ya ce, "Asante, ndugu," wato na gode, ɗan'uwa. Ya mayar da wayar cikin leda, ya naɗe buhunansa uku ya ɗaure a bayan keke, ya kama hanyar gari, don da sauran rana kuma abokansa suna jiransa a bakin rami.